"Substitute" ko "replacement": wanne zan sa a takardar hutun haihuwa?

Maman Khalil:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu Turanci ku taimaka min. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, wata mai kamawa zan tafi hutun haihuwa na wata uku. Shugabar makaranta ta ce in rubuto takarda, in faɗi ranar da zan tafi, in kuma nemi a samo wanda zai riƙe min ajina. Na rubuta "I kindly request a replacement", sai wata abokiyar aikina ta leƙo ta ce maza in goge, wai da hannuna nake korar kaina, "substitute" ya kamata in sa. Ni kuwa tun ina makaranta ɗaya na ɗauke su. Da gaske akwai bambanci, ko tsorata ni kawai take yi?

Abba Ɗan Ƙwallo:
Wa alaikumus salam. Anti duk ɗaya ne, Turawa ne kawai da son tara kalmomi. Sa wanda ya zo miki a baki.

Malam Tanko:
Wa alaikumus salam. Allah ya sauke ki lafiya, Malama. Abokiyar aikin nan taki ta yi miki gata. Abba, ba ɗaya ba ne, duk da akwai wuraren da suke shiga gonar juna.

Abin da za ki tambayi kanki shi ne, gurbin nan har yanzu na mai shi ne, ko ya fita daga hannunsa? In mai gurbin yana nan, uzuri ne kawai ya hana shi, to wanda ya tsaya masa "substitute" ne. In kuwa mai gurbin ya tafi ke nan, ya yi ritaya, ko an sallame shi, ko ya rasu, ko kuma kaya ne suka lalace ko suka ɓata, abin da aka kawo "replacement" ne. Shi ya sa a Amurka malamin da ake kira ya riƙe aji ranar da mai ajin ba shi da lafiya ake ce masa "substitute teacher". A Ingila "supply teacher" suka fi cewa. Amma in katin cirar kuɗinki ya ɓata kika je banki, "replacement" za ki nema, domin tsohon katin toshe shi za su yi, ba zai sake aiki ba ko da kin tsince shi a ƙarƙashin katifa.

Wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ba zai sha wahala ba. Taimama tana tsayawa a madadin alwala, a yi salla da ita ta inganta, amma ba ta kori alwala ba. Ruwa na samuwa kafin ka tayar da salla, ta ɓaci. To haka "substitute" yake.

Maman Khalil:
Ikon Allah. Ashe da na miƙa takardar nan shi ke nan na ba su hujja? Malam to yaya zan rubuta?

Malam Tanko:
A'a, ba har can ba. Ba wanda zai kore ki saboda kalma ɗaya, tunda takardar ta ce hutu za ki. Kuma Turawa kansu suna cewa "temporary replacement", wato su ƙara kalmar da ke nuna na wucin gadi ne. Amma ki lura, sai da suka ƙara ta. "Substitute" ba ta bukatar wannan ƙarin.

Ki rubuta: "I kindly request that a substitute teacher be assigned to my class for the period of my leave." Sannan ki sa ranar tafiya da ranar dawowa da lambobi. Ranar dawowar nan ta fi kowace kalma kare miki gurbinki. Ki kuma ajiye kwafin da aka sa wa hannu.

Maman Khalil:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara ilimi. Na gyara.

Abba Ɗan Ƙwallo:
Malam da girman kujerarka, amma ban yarda ba tukuna. A ƙwallo ɗan wasan da ya taso daga benci "substitute" ake ce masa, kuma wanda aka cire ba ya komawa fili har a tashi. Ina dawowar mai gurbi a nan? Ai ya tafi ke nan.

Malam Tanko:
Ya tafi daga wasan ranar, ba daga ƙungiya ba. Asabar mai zuwa shi za a fara da shi, ɗan benci ya koma bencinsa. Yanzu in ƙungiya ta sayar da mai cin ƙwallonta ta fita kasuwa neman wani, me jaridu suke cewa tana nema?

Abba Ɗan Ƙwallo:
"Replacement". Haka ne kam.

Tsaya ma, na tuna da wani abu da zai yi maka daɗi Malam. Kofin duniya na 2022 a Qatar. Faransa ta fitar da sunayen 'yan wasanta babu Randal Kolo Muani a ciki. Ana saura kwanaki a fara, Christopher Nkunku ya ji rauni a gwiwa wajen atisaye, aka cire sunansa gaba ɗaya, aka kira Kolo Muani, lokacin yana Eintracht Frankfurt. Nan ya zama "replacement" na Nkunku, domin Nkunku ya bar gasar, ko ya warke ba zai dawo ba. To a wasan ƙarshe da Ajantina, Ajantina na ci biyu da nema, kocin Faransa Deschamps bai ma jira hutun rabin lokaci ba, a minti na 41 ya cire Dembélé da Giroud, ya sako Kolo Muani da Marcus Thuram. Nan kuma "substitute" ne. Mutum ɗaya, gasa ɗaya, ya ci sunayen biyu. Shi ne kuma ya buga ƙwallon nan ta ƙarshen ƙarin lokaci da Martínez, mai tsaron gidan Ajantina, ya tare da ƙafa. Har yau in na tuna sai na riƙe kai.

Malam Tanko:
Madalla. Ɗazu kai ne mai cewa duk ɗaya ne, yanzu ka kawo misalin da ya fi nawa.

Abba Ɗan Ƙwallo:
Ai ƙwallo makaranta ce Malam. Kuma canjin nan ba tsohon abu ba ne. A gasar lig ta Ingila sai 1965 aka fara yarda da shi, a kofin duniya kuma sai 1970 a Meziko. Kafin nan in ɗan wasa ya karye, haka za ku ƙarasa ku goma. Canji biyar da muke gani yanzu korona ce ta kawo shi a 2020, daga baya aka bar shi.

Injiniya Bala:
Amma masu wasan rugby 'yan bencinsu "replacements" suke ce musu. Kada a ɗauka ƙa'idar ba ta da ɓaraka.

Barista:
Gara da Injiniya ya faɗi haka, domin ni ma ina da ja. Malam Tanko, bayaninka ya yi a harkar yau da kullum, amma a wajenmu bai kama ba. Dokar zaɓe ta 2022, sashe na 33, ta hana jam'iyya canza ɗan takarar da ta riga ta miƙa sunansa ga hukumar zaɓe, sai in ya rasu ko ya janye da kansa. Kalmar da dokar ta yi amfani da ita "substitute" ce. To mamaci dai ba ya dawowa. A Kogi a Nuwamban 2015 Abubakar Audu, ɗan takarar gwamna na APC, ya rasu ana tsakiyar tattara sakamako, APC ta kawo Yahaya Bello, ya yi shekara takwas a kujera. A 2022 Kabiru Masari ya janye daga takarar mataimakin shugaban ƙasa aka sa Kashim Shettima. Duk waɗannan "substitution" muke kiransu. Ina wucin gadi a nan?

Malam Tanko:
Barista ranka ya daɗe, ja mai kyau ne. Ku lauyoyi kun riƙe tsohuwar ma'anar ne, mai faɗi. Asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta a tsayar da wani a wurin wani, ba ruwanta da zai daɗe ko ba zai daɗe ba. Masu lissafi ma haka suke amfani da ita, a cire harafi a sa lamba a wurinsa. Maganar yau da kullum ce ta ƙuntata ta.

Amma ko a misalanka akwai wani abu da bai gushe ba. Kalmar tana tafe da nunin cewa wannan da ke tsaye ba shi ne na farko ba, ba da sunansa aka buɗe gurbin ba. Yahaya Bello ba shi ya ci zaɓen fid da gwani ba, na biyu ya zo.

Barista:
Wannan kam na karɓa. Shari'ar Amaechi ma a kan haka ta tsaya. Rotimi Amaechi ya ci zaɓen fid da gwani na takarar gwamna na PDP a Ribas, jam'iyya ta cire sunansa ta sa Celestine Omehia, Omehia ya shiga zaɓen 2007 ya ci, har aka rantsar da shi. A Oktoban shekarar Kotun Ƙoli ta ce jam'iyya ba ta ba da gamsasshen dalilin canjin ba kamar yadda dokar lokacin ta nema, saboda haka a idon doka Amaechi ne ɗan takara tun farko. Aka sauke Omehia aka rantsar da mutumin da bai yi yaƙin neman zaɓen ba. Ka ga mai gurbi ya dawo, kamar yadda kake faɗa, sai dai ta ƙofar kotu.

Abin da nake gargaɗi kawai, kada ɗalibi ya haddace "wannan na ɗan lokaci, wancan na dindindin" ya tafi da shi ko'ina. Zai ci karo da takardar da za ta kunyata shi.

Sista Rabi:
Ni daga asibiti zan shigo, kuma Maman Khalil wannan ya shafe ki kai tsaye. Madarar gwangwani ta jarirai a takardunmu "breast-milk substitute" ake ce mata. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar yadda za a riƙa tallata ta, kuma da wannan sunan ta kira ta. Ni dai a fahimtata sunan ya dace, domin yana nuna tana iya cika ciki ta raya yaro in lalura ta kama, amma ba ta kai nonon uwa ba. Amma in yaro ba ya shan nono kwata-kwata, misali uwar ta rasu ko likita ya hana saboda wani ciwo, tsarin ciyar da shi "replacement feeding" muke ce masa. Madarar ita ce dai, ba ta canza ba. Abin da ya canza shi ne nonon ya fita daga lissafi.

Haka in ƙashin ƙugu ko gwiwa ya cinye aka yi aiki aka sa na ƙarfe, "hip replacement" ko "knee replacement" ake cewa. Wanda aka yanke ba a mayar da shi.

A kantin magani kuma in likita ya rubuta maganin wani kamfani babu shi, aka ba ka na wani kamfanin mai sinadari iri ɗaya da ƙarfi iri ɗaya, "substitution" ne. A nan nake roƙon jama'a, in aka ce maka "babu wannan amma ga madadinsa", ka duba sunan sinadarin da ke ƙasan babban suna, ka duba miligiram. Wasu masu kemis in sun ce madadi, nufinsu kawai shi ma na ciwon ne, alhali magani ne daban.

Injiniya Bala:
Sista ta taɓo inda nake. A kayan gyara, "replacement part" shi ne wanda aka ƙera daidai da wanda ya mutu, lamba ɗaya, awo ɗaya, ka cire ka sa ka manta. "Substitute" kuwa wani abu ne daban da ake fatan zai yi aikin. Wani lokaci ya yi, wani lokaci ya ja maka asara. Fis ya ƙone, yaron shago ya naɗa waya a wurin, wuta ta kawo kowa ya yi murna. Ranar da wuta ta zo da ƙarfi wayar ba za ta tsinke ba, injin ne zai ƙone. Saboda haka in kana odar kaya daga waje mai sayarwa ya rubuto maka cewa wanda ka nema ya ƙare amma zai turo "a suitable substitute", kada ka ce to sai ka ga takardar bayaninsa. Ya riga ya gaya maka ba shi ba ne.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu da muka yi lakwal da Faransanci abin ya fi rikita mu. Ɗan benci a wajenmu "remplaçant" ne, malamin da ya riƙe aji ma haka, sai in mun zo Ingilishi bakinmu ya tafi kai tsaye ga "replacement" don sun yi kama. Muna da wata kalmar kuma, "suppléant". A Nijar kafin juyin mulkin 2023, in ana zaɓen 'yan majalisa kowane ɗan takara da nasa yake tsayawa, in kujera ta faɗi shi zai hau ba sai an sake zaɓe ba.

Barista:
Da muna da irin wannan da an rage mana zaɓen cike gurbi. Da kuma an rage mana aiki, don haka ku riƙe abinku.

Ummi Mai Kek:
Don Allah Malam Tanko kafin a watse. Ni matsalata ba sunan ba ce, aikatau ɗin ne. Ina bin girke-girken Turawa a intanet, sai in ga an rubuta "you can substitute oil for butter". Wanne zan zuba, wanne zan bari? Ni da ƙanwata mun yi musu a kan wannan har kek ya kusa ƙonewa. Ita ta ce bota za a sa a bar mai, tunda mai aka fara ambata shi ake cirewa.

Malam Tanko:
Yauwa Ummi, kin zo inda ramin yake. Duk abin da muka tattauna a sama, in mutum ya kuskure za a dai gane nufinsa. Nan kuwa in ka kuskure, maganar juyewa take yi gaba ɗaya.

Ƙanwarki ba ta yi daidai ba. "Substitute oil for butter" nufinsa mai ya shiga, bota ta fita. Da wannan aikatau ɗin, in "for" ta biyo baya, abin da aka fara ambata shi ne sabon shiga. "Replace" kuwa akasin haka take tafiya: "replace butter with oil". Wanda zai fita ake fara ambata, sannan "with", sannan mai shigowa. Jimlolin biyu abu ɗaya suke faɗa, amma jerin kayan ya juya.

Inda rikicin ya ƙaru, mutane da yawa yanzu, har da Turawan, suna cewa "substitute butter with oil", wato sun ɗauki ginin "replace" sun ɗora wa ɗaya kalmar. Nufinsu bota ta fita. Malamanmu na da jan biro suke sa wa wannan, amma ya yaɗu har ƙamus-ƙamus sun fara kawo shi. Saboda haka ki sa ido a kan ƙaramar kalmar da ke tsakiya. In "for" ce, na farko ne ke shiga tukunya. In "with" ce, na biyu ne.

Abba Ɗan Ƙwallo:
To mu a ƙwallo in mai sharhi ya ce "he has been substituted", cire shi aka yi.

Malam Tanko:
Ƙwarai, kuma ina zargin ku masu ƙwallo kuna cikin waɗanda suka yaɗa sabon salon. A tsohuwar ƙa'ida wannan jimlar nufinta an sako shi ne. Yau ba mai jin ta haka a gidan kallo.

Ni in zan rubuta abin da kuskure a cikinsa zai yi ɓarna, umarnin magani ko odar kaya ko yarjejeniya, ba na amfani da "substitute" a matsayin aikatau sam. Sai in ce "use oil instead of butter". Ba gwaninta a ciki, amma ba wanda zai karanta shi a juye.

Ummi Mai Kek:
Alhamdu lillahi, ashe ni ce da gaskiya. Bari in tura mata wannan ta gani da idonta.

Sista Rabi:
Ummi botar ma da kike zubawa, in irin su Blue Band ce, ita kanta madadi ce. Majarin ce, da man tsirrai ake yin ta.

Malam Tanko:
Haka ne. A Faransa aka ƙirƙiro ta a 1869, wani masanin haɗa sinadarai mai suna Mège-Mouriès, lokacin da Napoleon na Uku ya nemi a samo abin da zai tsaya wa man shanu mai arha don sojoji da talakawa. Da kitsen shanu ma aka fara yin ta. A kantunanmu yau in ka ce a ba ka bota ita za a miƙo maka, mai son na asalin sai ya ƙara bayani.

Hajiya Asabe:
Kamar dunƙulen magi da daddawa ke nan. A gidan 'ya'yana ba a ma san ƙamshin daddawa ba. Ni kuwa miyar kuka babu ita ban ga abin sha ba. Ku ci gaba da Turancinku, ina karantawa.

Sadiq SS3:
Malam ni ɗalibi ne, ina shirin WAEC. A lissafin yiwuwar aukuwar abu ana cewa an zaro ƙwallaye biyu daga jaka "with replacement". Bisa bayanin da aka yi a sama, in na zaro ja sai a kawo wata sabuwa a sa a wurinta ke nan? To wace kala za a kawo?

Malam Tanko:
A'a Sadiq, ba a kawo wata. A nan kalmar ta koma ma'anarta ta farko. "Re" da "place", wato sake ajiyewa, mayar da abu inda aka ɗauko shi. A ɗakin karatu za ka ga an rubuta kada ka yi "replace" na littafi a kan kanta da kanka, nufinsu kada ka mayar. To "with replacement" nufinsa ƙwallon da ka zaro ita ɗin dai za ka mayar cikin jaka kafin ka sake zara. "Without replacement" kuma ka ajiye ta a gefe.

Gwada wannan. Jaka tana da ja 3 da shuɗi 2, ana so a zaro ja sau biyu a jere. Ba ni amsar kowanne.

Sadiq SS3:
In an mayar, jakar tana nan da 5, ja 3. Sai 3/5 sau 3/5, ya ba da 9/25. In ba a mayar ba saura 4, ja 2. Sai 3/5 sau 2/4, ya ba da 6/20, wato 3/10.

Malam Tanko:
Daidai. In tambayar ba ta ce komai ba kuma, ka sake karanta ta da kyau. Wani lokaci za su ce an zaro biyu "at once" ko an cinye lemon da aka zaro, duka nufinsu ba a mayar ba.

Injiniya Bala:
Malam tunda kana kusa, "alternate" da "alternative" fa? Wani takardar taro ya turo min ya sa ni a matsayin ɗaya daga ciki, ban san ko zan je ba ko sai wani ya fasa.

Malam Tanko:
Injiniya buɗe mata nata zaren, an kira magariba a nan. Amma ka turo jimlar yadda aka rubuta ta, da ƙasar da takardar ta fito, domin Amurka da Ingila sun saɓa a kan waɗannan biyun.